Ba a Fansar Gona da Shuka a Cikinta

Ranar Talata ce, kwana kaɗan bayan Ƙaramar Sallah, da misalin ƙarfe goma na safe, a zauren mai unguwar ƙauyenmu, wanda ke gefen hanyar Jega zuwa Aliero. Akwai mai unguwa da kansa, da limamin masallacin unguwa, da Baffa, ƙanen mahaifina, da wani Alhaji dillalin albasa daga Aliero, sai ni. Yayata ba ta zo ba, tana gidan mijinta a Liba, amma Baffa ya ce da yawunta yake zaune. Abin da ya tara mu shi ne jinginar fadamar da mahaifinmu ya rasu ya bar mana, ni da ita da Inna, mahaifiyarmu.

Ba a rubuta komai ba. Alhaji ya zaro kuɗi daga aljihun ciki ya miƙa wa liman, liman ya ƙirga ya miƙa wa Baffa, Baffa ya ajiye a gabana bai dube ni ba. Kuɗi ne da a wannan shekarar za su sayi bajimai biyu na huɗa a kasuwar Jega. Sai mai unguwa ya faɗi sharaɗi kamar yadda aka saba faɗarsa tun kaka da kakanni.

"Alhaji, gona ta koma hannunka. Ka noma ka ci, ba ka biyan kowa komi. Ran da yaron ga yak kawo kuɗinka, ka ba shi abinai." Ya juyo gare ni. "Kai kuma Malam, ba a fansar gona da shuka cikinta. Wanda yas shuka, shi ka girbi. In ka zo ka iske tsiro, sai ka yi haƙuri a kwashe."

Na ce na ji, na yarda. Sharaɗin bai dame ni ba. Da safiyar ranar ta bakin fadamar na biyo, na gan ta a kwance fayau, ƙasa ta tsattsage, awaki na tsintar busasshen ganye. Tun ina yaro haka na san ta. A cire albasa a ƙarshen rani, ta yi bazara tana hutawa, sai ruwa ya sauka a sa mata shinkafa. A lissafina, kowace shekara akwai watannin da zan iya zuwa da kuɗi in karɓi abina.

Yadda aka yi na kai ga wannan zaure ba dogon labari ba ne. Ma'aikaci ne ni a sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma a Maiyama. Ni ke shiga motar shela in zaga ƙauyuka ina sanar da ranar rigakafi, ko rabon taki, ko zuwan baƙi. Ina haya a Jega da maiɗakina da yara. Albashin ba shi da auki, amma yana kai mu ƙarshen wata idan aka yi dabara. Shekarar da mahaifina ya rasu albasa ta yi tsada irin wadda ba mu taɓa gani ba. Duk wanda ya adana buhu ashirin a rudu, rumbun ajiyar albasa, ya kai damina da su, ya sayi babur ko ya sa wa ɗakinsa kwano. A daidai lokacin wani banki a Jega ya fara ba ma'aikata rance, yana cirewa daga albashi. Na karɓa. Na sayi injin ban ruwa, na sayi iri, na ɗauki 'yan ƙwadago. Da kuɗin suka ƙare ban kai rabin aiki ba, sai na ɗauki taki bashi, na ɗauki fetur bashi, na ce wa 'yan ƙwadago su bari a cire albasa.

Ni kuwa ba na zuwa gonar sai Asabar da Lahadi. Wata Asabar na tarar ganyen ya fara murɗewa, ya yi rawaya, wuyan albasar ya yi tsawo. Cutar da muke kira zazzalau ce. Kafin Asabar ta zagayo ta ci gonar daga wannan baki zuwa wancan. Abin da muka tono bai biya kuɗin fetur ba.

Banki bai san zazzalau ba. Mai taki ya ce zai kai ni gaban alƙali. 'Yan ƙwadago kuwa wata hanya suka bi. Suka je ƙofar gidan Inna suka shimfiɗa buhu suka zauna, tun daga hantsi har la'asar, kwana da kwanaki. Duk mai wucewa ya tambaye su lafiya, su ce ɗan gidan suke jira. Wannan zama nasu ne ya kai ni zauren mai unguwa. Kuɗin Alhaji suka biya su, suka biya mai taki da mai fetur, ragowar na kai banki don a rage abin da ake cirewa. Kafin Juma'a ta zo babu ko sisi a hannuna.

Shekarun da suka biyo baya iri ɗaya ne, ba na iya bambanta su sosai. Ƙarshen wata alat na albashi zai shigo waya, kafin in gama karantawa na biyu ya biyo, na abin da banki ya cire. Abin da ya rage ba ya kai mu tsakiyar wata. Daga nan sai mai shago, sai mai gidan haya, sai abokin aiki da zan ce wa ya ranta mini zuwa jibi. Na kai matsayin da a Jega akwai layukan da ba na bi. Idan zan je masallacin Juma'a sai in zagaya ta bayan tasha, don kada in wuce ta gaban shagon da nake karɓar shinkafa. Maiɗakina ta daina tambayata kuɗin cefane. Takan ajiye kwanon awo a inda zan gan shi da safe, idan na fita ban ce komai ba ta ɗauke.

Wata rana mai shago ya tare ni a gaban mutane. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam, ko ƙafarka ce ke ciwo? Na ga ka daina bin hanyar da ta fi kusa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na koma gida na yanke shawarar cewa daga ranar ba zan ƙara cin bashin kowa ba, ko za mu kwana da yunwa, kuma zan fara biya daga waɗanda nake haɗa ido da su kullum.

Na sayar da injin ban ruwan. Na sayar da babbar wayata na sayi ƙarama. Muka bar ɗaki biyu muka koma ɗaya. Idan aka tashi daga ofis sai in naɗa rawani in rufe fuska, in yi kabu-kabu da babur ɗina tsakanin Maiyama da Jega har magariba. Na ɗauka ba mai gane ni. Wata rana na ɗauko wata tsohuwa da kajinta, muna ciniki sai ta tsaya ta dube ni.

"Muryar ga na san ta. Ba kai ka zuwa garinmu da mota kana cewa mu hito da yara a ɗiga masu magani ba?"

Na ce mai kama da ni ne.

"Awo, mai kama da kai. To ka hwaɗa mashi gwamnati ta ƙara mashi albashi. Kuma tun da kai na, ka rage mani naira hamsin."

Na rage mata.

A hankali basussukan suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Na biya abokin aiki, na biya mai gidan haya, na biya mai shago na koma bin ta gabansa. A duk wannan lokaci Alhaji bai taɓa tambayata ba. Idan muka haɗu a kasuwa shi ke fara miƙo hannu, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, wani lokaci ya ɓara mini goro. Bashinsa ba ya ƙaruwa, ba ya zuwa ƙofar gida, ba ya aiko saƙo. Shi ya sa na bar shi ƙarshe. A ganina hikima ce mutum ya fara kashe wutar da ke cin rigarsa kafin wadda ke can bayan gari.

Kowace shekara idan ya cire albasa yakan aiko wa Inna da lawashi, ganyen albasar, dami biyu ko uku. Tun da aka kawo ta gidan mahaifina take daka lawashin fadamar nan ta dunƙula gabu, ta shanya a kan rufin ɗaki, ta sa a miya, ta sayar wa matan unguwa. Alhaji ya san haka, bai yanke ba. Ita kuma ba ta taɓa ambaton gonar a gabana ba. Idan na je gaishe ta sai ta ce, "Ƙaƙa aiki?" in ce da godiya, ta ɗaura mini gabu a leda in kai wa maiɗakina.

Yaya ce mai tambaya. Duk haɗuwarmu, a suna ko a jana'iza, sai ta ja ni gefe.

"Ƙanena, yaushe?"

"An kusa, Yaya."

"Tun ɗiyata na goye kake cewa an kusa. Ga ta can tana tallan ƙuli."

Baffa ma sau ɗaya ya yi magana. Muna dawowa daga gaisuwar rasuwa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Jingina in ta daɗe, gona kan manta da mai ita." Na ce in sha Allahu ba za ta kai haka ba.

Da banki ya gama cire nasa, ban faɗa wa kowa ba sai maiɗakina. Muka ci gaba da zama kamar ana cirewa. Abin da banki ke ɗauka a da, ta riƙa zuba shi adashi da sunanta. Da ta kwashi adashin muka haɗa da abin da na tara na kabu-kabu, ya rage kaɗan. Na kai babur ɗin kasuwa na sayar. A shekara ta huɗu da jingina, a ƙarshen kaka, kuɗin Alhaji suka cika cif a hannuna. Na sa su a cikin safa, na sa a aljihun ciki, na ɗauki Baffa muka tafi Aliero.

Alhaji ya karɓe mu hannu biyu-biyu. Ya sa aka kawo fura. Da Baffa ya faɗi abin da ya kawo mu, ya ce masha Allahu, sannan ya ce mu tashi mu je gona.

Na daɗe ban taka fadamar ba, da gangan nake kauce mata. Da ƙyar na gane ta. An ja mata fangali-fangali a jere kamar an auna da igiya. Akwai rijiyar burtsatse a gabas, akwai wata a yamma, ga faranten sola a kan ƙarfe, ruwa na gudu ba ƙarar inji. An dasa albasa, ta kama, ta yi kore shar.

"Malam, ka ga dashe," in ji Alhaji. "Da ka zo da wata guda baya, da mun yi magana."

Na ce to ya karɓi kuɗinsa, idan ya cire albasa sai ya bar mini gonar. Ya ɗaga hannu biyu.

"In na amshi kuɗin ga, jingina ta ƙare. Na zama mai noma gonar wani ba da haƙƙi ba. Riƙe abinka. Rani kamar gobe na."

Muka je wurin mai unguwa na ce ya ajiye mini. Ya ce shi ba banki ba ne, kuma a zamanin nan ba ya kwana da kuɗin mutane a ɗakinsa. Na dawo Jega da su a cikin safa.

Kafin mako ya zagayo kowa ya ji. Kuɗin da aka je da su zauren mai unguwa ba sa ɓoyuwa. Wanda zai aurar da 'ya ya zo, wanda matarsa ke asibiti ya zo, abokin aikin da ya sha ranta mini ya zo. Na hana su duka. Shi abokin aikin har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na kai kuɗin banki na ajiye, na ba maiɗakina katin ta ɓoye.

Da bazara ta yi na ji labarin Alhaji ya cire albasa, washegari na tafi. Albasa kam an cire. Amma a kan kowace kunyar da ruwa ke bi akwai masara ta kai gwiwa. Tun albasa na ƙasa ya shuka ta. A kusurwar arewa kuma ya bar albasar iri, ta yi fure fari, ƙudan zuma na yawo a kai.

"Masara ba ta daɗewa," in ji shi. "Kwana nawa ta?"

Da masara ta nuna, na koma. A gefen rijiyar yamma ya riga ya yafa irin shinkafa, har an fara dashe a inda aka sare masarar. Da shinkafa ta kusa yanka, na koma. A tudun gabas, inda ruwa ba ya kwanciya, irin albasa ya tsiro kamar gashin jariri. A nan na tsaya na fahimci abin da nake kallo. A zamanin mahaifina fadama na hutawa ne don ba ruwan da za a ba ta a bazara. Yanzu rana ce ke jawo ruwa, kyauta, kowace safiya. Gonar da ke da ruwa kullum, kuma tana hannun manomin kirki, ba ranar da za a same ta babu tsiro.

Na kai magana wurin mai unguwa. Aka sake zama a zauren, mu biyar ɗin nan. Na faɗi zuwan da na yi da abin da na tarar kowane zuwa, ban ƙara ba ban rage ba.

Mai unguwa ya daɗe yana jan carbi. "Sharaɗi dai sharaɗi na. Waɗanda sunka aza shi ba su san sola ba. Amma ni ban iya cewa mutum ya tumɓuke shukatai."

Alhaji ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, a bar ni in hwaɗi tawa. Ran da 'yan ƙwadago sunka zamna ƙofar tsohuwa, wa yaz zo? Kuɗin da nib ba shi bajimai biyu na. Yau a kai su Jega, in sun sayi maraƙi guda a yanka ni. Ban ce ya ƙara mani ko kwabo ba, na san haramun na. To gonar ma in bar ta ta kwana banza? Ga rijiya biyu na huda. In ciro su in aza a ka in tahi da su?"

Babu ƙarya a maganarsa.

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce shi tun asali zuciyarsa ba ta kwanta da irin wannan jingina ba, wadda mai ba da rance ke cin amfanin gona, kuma malamai sun yi magana a kai, sai dai al'ada ta riga ta zauna. Ya ce a yanka rana. Alhaji ya cire albasar da zai dasa bana, kada ya sa komai a bayanta, ni kuma in zo da kuɗinsa da kuɗin rijiyoyi. Alhaji ya ce ya yarda, saboda liman. Aka shafa fatiha.

A hanya na ce wa Baffa, bisa abin da liman ya faɗa, idan na je gaban alƙali zan iya karɓar gonar ba tare da jiran rani ba. Baffa ya tsaya cak.

"Gidanmu ba a taɓa kai wanda yat taimake mu ƙara ba. In za ka, ka tahi kai ɗai, kuma kada ka ce ni baffanka na."

Na san kowace shekara a wurin Alhaji yake karɓar iri da taki. Amma na san ko ba haka ba, abin da zai faɗa ke nan. Na gwada maganar a wurin Inna. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mutumin da yat tashi mutane daga ƙofata?" Maganar alƙali ta mutu a nan.

Saura jira. Kuɗin sun riga sun shekara a ajiye, kuma tun ranar da na sayar da babur nake biyan kuɗin mota zuwa Maiyama da dawowa, babu kuma na kabu-kabu da ke shigowa. Fetur ya tashi, kuɗin mota ya ninka, kwanon gero ya ninka. Na rantse ba zan ci bashi ba, ban kuwa ci ba. Amma duk watan da albashi ya gaza, sai in ce wa maiɗakina ta kawo katin, a ɗan taɓa, za a mayar. Ba a taɓa mayarwa ba.

Ana tsakiyar sanyi Yaya ta zo Jega. Ba ta taɓa zuwa gidana ba tare da aike ba. Mijinta ne ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya mutu, an ce a kai shi babban asibiti. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a bakin ƙofa.

"Ba roƙo niz zo ba, ƙanena. Da gonata na hannuna, da na jinginar da rabona na kai shi. Kai kaj jinginar da shi, ba ka ko tambaye ni ba, Baffa anka aiko mani. Shekara biyar ban ci ko albasa guda ba. Yanzu an ce kana da kuɗi aje."

Na ce kuɗin fansar gonar ne, gonar da ita ma tata ce.

"Na sani. In ya mutu sai in shiga gonar in yi takaba."

Maiɗakina ta shiga ɗaki ta fito da katin ta ajiye a gabana. Muka tafi banki da Yaya.

Da ranar da aka yanka ta matso, abin da ya rage bai kai rabin kuɗin Alhaji ba, balle na rijiyoyi. Hanya ɗaya ta rage. Na koma bankin nan na Jega. Ma'aikacin ya gane ni, ya ce ai ni mutumin kirki ne, na biya na baya ba gardama, yanzu ma za su iya ba ni fiye da wancan. Ya lissafa mini abin da za a riƙa cirewa da shekarun da za a yi ana cirewa. Ina zaune ina kallon takardar na yi nawa lissafin. Idan na karɓa na fanshi gonar, zan tsaya a bakinta ba ni da iri, ba taki, ba kuɗin 'yan ƙwadago, sola ma Alhaji zai kwance abinsa. Sai in ɗauki taki bashi. Sai in ce wa 'yan ƙwadago su bari a cire albasa. Kuma Asabar da Lahadi kawai zan riƙa zuwa. Na san wannan hanya, na san ƙofar gidan da take ɓullewa.

Na ce masa zan yi shawara. Na fito ban koma ba.

Alhaji ya cika alkawari. Ana gobe za a zauna na je fadamar ni kaɗai da la'asar. Ya cire albasa, bai sa masara ba, bai bar ta iri ba. Ya rufe bakin rijiyoyin da buhu. Ƙasa ta fara tsagewa, awakin wani sun shiga suna tsintar ganye. Tun ranar da aka yi jingina ban gan ta haka ba, irin yadda na san ta ina yaro. Babu tsiro ko ɗaya da zai hana ni karɓarta. Na zaga ta daga gabas zuwa yamma, na tsaya a gindin giginyar da mahaifina ke rataye gorar ruwa, sannan na hau hanya.

Washegari a zauren, mai unguwa ya ce, "To Malam, ga gona fayau. Bismilla."

Na ce ban zo da kuɗi ba. Na ce idan Alhaji na so, a yi mata kuɗi ya saya.

Baffa ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ce, "Malam, in wata shekara kaka so, a ƙara maka." Na ce a'a. Wata shekarar ma abin da zan zo in faɗa ke nan, gara Yaya ta karɓi rabonta yanzu da take bukatarsa. Aka aika Liba aka tambaye ta, ta ce ta yarda. Aka aika gidanmu aka tambayi Inna, ta ce abin da maza suka gani.

Aka kira mutum biyu da suka san farashin fadama suka yi mata kuɗi, ban da rijiyoyi. Alhaji bai yi ciniki ba. Liman ya raba yadda shari'a ta ce, ya fitar wa Inna da tumuninta, saura kashi biyu nawa, kashi ɗaya na Yaya. Daga nawa aka cire kuɗin jingina, tun da ni na ci su. Wannan karon an rubuta takarda, kowa ya sa hannu, Baffa ya dangwala. Abin da ya zo hannuna na haɗa da ragowar na banki na sayi tsohon babur, na biya hayar shekara.

A ƙarshen wannan wata alat ya shigo. Na riƙe wayar ina jiran na biyu, bisa sabo. Bai zo ba. Ba wanda ke bina ko kwabo a Jega, ko a Maiyama, ko a Aliero, kuma haka abin yake har yau. Ina bin duk layin da na ga dama. Albashi yakan kai mu ƙarshen wata idan aka yi dabara, kamar yadda yake kai mu kafin in taɓa shiga banki.

Mijin Yaya ya rasu da damina. Da rani ya zagayo Alhaji ya cire albasa, ya aiko wa Inna da lawashi dami uku kamar yadda ya saba. Ta ce a yi masa godiya, a mayar masa. Tun daga wannan shekara a kasuwa muke sayen gabu.